Ranar da Muka Shanye Mutanen Jan Tauraro

Sana'ar da na tashi da ita zanen riga ce. A kawo mini yadi, in shimfiɗa a tabarma, in ɗauki alƙalamin kara da tawada in fitar da zanen aska da na tambari, masu ɗinki su bi layina da zare. Rumfata tana kusa da tashar motocin gyaɗa a Jibiya, inda duk abin da zai tsallaka ƙasar Faransa, wato Nijar ta yanzu, ko ya fito daga can, sai ya bi ta gabana. Wanda ya yini yana kallon masu tsallaka iyaka ba ya saurin yarda da mutane. Na ga buhun gero da babu ko ƙwayar gero a cikinsa, na ga mai tsohon ciki da ta haifi turmin atamfa bayan ta wuce shinge. Saboda haka idan kun ji zargi ya yi yawa a labarin nan, ku yi mini uzuri, wurin zama ne ya koya mini.

Wata rana wani falke ya kawo mini riga naɗe cikin tsohuwar takardar Faransa. An raba takardar gida-gida, kowane gida da hoto a ciki, ga mutane sun kifa tukwanen gilas a kai, magana tana fita daga bakinsu cikin wani abu mai kama da gora. Ba na karanta Faransanci, amma na fahimci labari ne ake bi daga wannan gida zuwa na gaba. Na manta da rigar falke, na yini ina juya takardar.

Maƙwabcina a rumfa wani tsohon soja ne mai gyaran keke. Ya je yaƙi bayan teku, an taɓa ɗaukarsa a jirgin sama sau ɗaya, kuma bai bar kowa a Jibiya ya manta da hakan ba. A shekarar ne aka yi ta faɗa a rediyo cewa wasu Turawa sun harba wani ƙarfe sama yana kewaya duniya bai faɗo ba. Da soja ya ga takardata sai ya ce waɗannan mutanen sama za su je, tukwanen nan na riƙe numfashi ne. Ya ce in zan iya zanawa, shi yana da labarin da ya fi nasu. Ban yarda da rabin abin da yake faɗa ba, amma na amsa.

Takarda tana da wuyar samu, don haka muka koma ga katakon akwatin ganyen shayi. Soja ya yanka shi alluna, ni kuma in shafe su da farar ƙasa da ƙaro. Baƙi daga tawada, shuɗi daga shunin marina, rawaya daga gangamau, ja kuwa soɓorodo nake jiƙawa har ya yi kauri. Maganar mutanen ina rubuta ta da ajami a cikin gorar. Labarin na wani maƙeri ne da fatake abokan tafiyarsa, waɗanda suka ƙera jirgi mai siffar rumbu, suka hura wuta a ƙarƙashinsa, suka tashi suka wuce wata, suka nufi Jan Tauraro. Soja ya nace cewa can sama babu iska, sai na zana musu salkuna cike da iskar garin Bugaje suna zuƙa da kara. Mun yi mako guda muna musu a kan inda za su fuskanta in za su yi salla. Ni na ce gabas, shi ya ce wanda ya wuce wata ba shi da gabas. A ƙarshe na zana su suna kallon ƙasa ta wata 'yar taga, kowa ya huta.

Kowace ranar kasuwa mukan jingina sababbin alluna a gaban rumfa, soja yana nunawa da sandar famfon keke yana ƙara gishiri. Mutanen Magama da Gangara sukan ajiye jakunansu su tsaya, wasu har su manta da cefane.

Mahaifina malami ne, kuma labari bai daɗe ba ya isa zaurensa. Ya aiko aka kira ni da alluna. Ya daɗe yana duban maƙerin nan, sannan ya ɗago.

"Wanga mi ne ne?" ya ce. "Surar mai rai kaz zana? Ran gobe za a ce ka hura musu rai. Kana da ran da za ka ba su?"

Na kafa wa allunan ido, ina tsoron kada a sa su a murhu. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya sassauta. Ya tsoma alƙalaminsa a tawada, ya ja layi siriri a wuyan maƙerin, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce in an raba kai da gangar jiki, sura ba ta cika ba, kuma ko a haka ba don yana so ba ne. Tun daga ranar duk mai numfashi a allona, mutum ko raƙumi, sai na ja masa layi a wuya. Mutanen Jibiya suka saba, har suna kiransa zaren Malam.

Amma ba don 'yan kasuwa nake wannan wahala ba. Mahaifiyata ta rabu da mahaifina tun ina ƙarami, ta yi aure a ƙauyen da ke bakin shingen Faransa, 'yar tafiya kaɗan bayan an bar ƙasarmu. Ni ne ɗanta na fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wancan zamani. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban fuskata, ba ta tambayata ko na ci abinci. In ta yi maganata sai ta ce baƙon Jibiya. Da can in na je gaishe ta, nakan durƙusa in gaisar, ta amsa tana kallon turmi, in zauna kamar an dasa ni, in tashi in tafi. Ina komowa da wani ƙunci a ƙirji da ban san wa zan kai wa ƙararsa ba.

Alluna ne suka buɗe mana baki. Ranar da na fara kai su, na jingina su a jikin rumbunta don matan gidan su gani. Inna ta matso, ta tsuguna, ta kafa wa maƙerin ido.

"Wanga bawan Allah ya rame," ta ce wa allon. "Suna samun abin ci kuwa can sama?"

Na ce suna samu, sun tafi da ƙuli-ƙuli da garin gero. Ta ce to a riƙa jiƙa shi da kyau, kada a sha da gaggawa. Daga nan kowane mako, washegarin kasuwa, nakan ɗaure alluna a bayan keken da soja ke ara mini in tsallaka. Ta tambayi maƙeri ko yana barci, ko sanyi bai dame shi ba, ko ba ya tunanin aure. Ni kuma in amsa a madadinsa. Duk mun san da wa ake, kuma babu wanda ya keta al'ada.

A shingen Faransa akwai wani gardi, wato dogarin Nasaran can, mai jar dara da wushirya da kunne guda da ya ɗan yage. Mutum ne mai son a jira shi. Yakan bar ka tsaye a rana yana yankan farce, sannan ya juya kayanka da ƙafa. Ni kuwa hannuna ba ya iya fitar da fuskar da ban daɗe ina kallo ba, kuma a duniya babu fuskar da aka tilasta mini kallo kamar tasa. Da matafiyanmu suka isa Jan Tauraro, labari ya buƙaci sarkin ƙofa mai tsare baƙi yana neman takardar shiga. Na zauna na zana, ban ankara ba sai ga wushirya, sai ga yagaggen kunne. Soja ya leƙo ya tuntsire da dariya, ya ce saura jar hula. Na ce a'a, ya nace, na saka.

Mutanen tauraron nan na shafe su da shuni mai duhu, don a bambanta su da 'yan Adam. Mahaifina, wanda ya ɗora wa kansa duba kowane allo kafin ya fita, ya ce ba ya ganin zare a wuyansu, baƙi a kan shuɗi ya ɓace, kuma layin da ba a gani ba layi ba ne. Sai na ja nasu da jan soɓorodo. Soɓorodo kuwa ba ya tsayawa inda aka sa shi, yakan ɗan zuba ƙasa kafin ya bushe. Ni ban ga komai a ciki ba, zaren Malam ne kawai ya canza launi.

Makonni suka wuce sarkin ƙofa yana cin kasuwarsa, mutane suna ƙaunar su tsane shi. Kullum nakan kifa allunansa a tsakiya in naɗe da buhu, gardi kuma bai taɓa damuwa da katako ba. Ran nan ina isa shinge sai na ga ya miƙe tun daga nesa, wuyansa naɗe da ƙyalle.

"Kai, mai alluna, kwance su duka," ya ce, muryarsa a dushe kamar ta wanda ya kwana yana kiran awaki.

Bai duba na sama ba, kai tsaye ya zaro na tsakiya. Ya dubi wushiryar, ya dubi kunnen, ya dubi jar hular, sannan ya ɗora yatsa a kan jan layin da ya zuba.

"Ashe kai ne. Kwana da kwanaki maƙoshina na ciwo, ko hura ba ta wucewa. Ka zana ni, ka yanka ni, kana yawo da ni kasuwa-kasuwa. Mi nay yi maka?"

Na rantse, na yi bayanin zaren Malam, na nuna masa maƙeri da raƙuma duk da layinsu. Ya ce nasu baƙi ne, nasa ne kaɗai da danginsa masu jini. Ya ce daga yau in ya ƙara ganin ƙafata a ƙauyen nan, ta shinge ko ta daji, sai ya sa an ɗaure ni an kai Maraɗi a matsayin mai sammu. Gidansa kuwa yana kallon gidan da Inna take, babu ta inda zan ɓullo bai gan ni ba. Na juya keke na komo, ko sallama ban samu na aika mata ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda ya san allon da zai zaro. Da walakin, goro a miya. Wani ne ya kai masa magana, kuma na fara lissafa mutane. Na farko soja. Wa ya nace a kan jar hula? Wa ke gyara wa gardin keke in ya shigo Jibiya? Na tuna har na taɓa ganinsu suna raba goro, biri ya yi kama da mutum. Na biyu mahaifina, wanda bai taɓa son zanen ba, bai kuma taɓa son zuwana wurin matar da ta bar shi ba, kuma shi ya ce a sa layin da za a gani. Har falken da ya kawo takardar farko sai da na saka a ciki. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to ni a makonnin nan na ɗauki zunubi buhu-buhu. Na daina zane. In soja ya yi mini magana sai in amsa da hanci.

Na roƙi mahaifina ya je ya yi wa gardi bayani da bakinsa. Ya ce ba ya taka ƙauyen nan, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan amsa ta ƙara masa matsayi a jerin waɗanda nake zargi.

Mijin Inna, wani manomi mai sanyin hali, shi ya kai maganar gaban limamin ƙauyensu. Liman ya yanke cewa abu ne mai sauƙi. In rubutu na alheri ne, ana wanke shi a sha, in na sharri ne mai shi ba zai yarda ya kai bakinsa ba. A kawo duk allon da sarkin ƙofa ya fito a ciki, a wanke a gaban jama'a, mai zanen ya shanye. Da saƙon ya iso ni sai da na zauna, domin sarkin ƙofa ya shiga fiye da rabin labarin, kuma a cikin allunan nan akwai waɗanda har yau ban ƙara yin kamarsu ba. Na auna su da tsakar gidan Inna, na ga ba su kai ba.

Muka ɗora su a jaki da hantsi. Soja ya ce zai raka ni, na ce a raina, ga mai laifi zai je ganin aikinsa. Aka taru ƙarƙashin wata tsamiya kusa da shinge, aka kawo babbar ƙwarya da ruwa. Ni da hannuna na riƙa wankewa. Jirgin rumbu ya narke, salkunan iska suka narke, ƙofar Jan Tauraro da na yi kwanaki ina ƙawata ta da zanen tambari ta bi ruwa. Gardi yana tsaye a kaina yana duba kowane allo, kada a bar ko kunne guda. Ruwan ya koma wani launi da ba shi da suna, yana warin marina.

Na yi bisimilla na kafa kai. Tsamin soɓorodo, ɗacin shuni, ga farar ƙasa tana shiga haƙori. Na sha har cikina ya ɗaure, na sauke ƙwaryar da saura a ciki, na dubi gardi.

"Wanga ba shaida ba ce," ya ce. "Mai sammu ba ya barin gida sai ya sha makari. Ku dube shi, ko gezau bai yi ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni, wasu suna gyaɗa kai, don maganar ta shige su. Soja ya matso ya ce a ba shi ya shanye sauran. Gardi ya ce tare suka zo, tare suka sha makarin. Na ga hanyar tana rufewa bayan na riga na zubar da aikina, wani baƙin ciki ya taso mini har na ji zan iya rotsa ƙwaryar a kan jar darar nan.

Sai mutane suka dare. Inna ce ta fito lulluɓe da zane, ita da ba ta zuwa taron maza. Ba ta dube ni ba, ba ta gai da kowa ba. Ta tsuguna ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Gardi bai kalle ta ba, ni ya kafa wa ido, yana jira ya ga ko zan zabura in ƙwace. Na san babu komai a ruwan sai ɗaci, amma ganin uwata tana shan wannan ƙazanta a gaban maza saboda ni ya fi mini ɗacin da na sha. Na dafe ƙasa na zauna daram. Ta shanye tas, ta kife ƙwaryar, ta tashi ta koma gida.

Liman ya ce babu ɗan da zai zuba ido uwarsa ta sha sharri, magana ta ƙare. Gardi ya yi tsaki, ya ce in wuce, amma kada ya ƙara ganin fuskarsa a katako. Maƙoshinsa ya warke daga baya, kuma na ji yana gaya wa mutane wankin ne ya karya abin.

Na shiga gidan ba allo ko ɗaya a hannuna. Na durƙusa na gaisar, ta amsa tana kallon turmi kamar da. Muka zauna, ga rumbu babu abin jinginawa. Na ce a raina shi ke nan, an buɗe mini hanya an rufe mana baki. Can sai ta yi magana, fuskarta wajen katanga.

"Ni ce nak kai maganar bakin rijiya. Nac ce ma matar gardi ta zo ta ga mijinta, baƙon Jibiya ya hidda shi awa shi yi magana. Nac ce duk ƙasar ga babu mai hannu irin nashi. Ban san za ta kai nan ba."

Duk lissafin da na yi na masu laifi, ban taɓa kawo ta ba, domin ban taɓa sanin tana yabona a bayan idona ba. Soja dai ban nemi gafararsa ba, tunda ban taɓa furta zargin ba, kuma jar hular ai shi ya sa aka saka. Mun ci gaba da zanen har bayan shekara, amma ba a sake ganin sarkin ƙofa ba, muka ce wa 'yan kasuwa an yi masa canjin wurin aiki.

A ranar dai hawaye kawai nake yi kamar yaro. Ta juyo, karo na farko da na sani ta dube ni ido cikin ido, leɓenta shuɗi, nawa shuɗi.

"To, maƙerin," ta ce, "sun bar shi ya wuce?"

Na ce sun bar shi, Inna.

Ta jawo ƙwaryar fura ta dama da kanta, ta tura mini gabana.

"Sha, ka wanke bakinka," ta ce. "Ka rame."